Daminar da Cittar Baba ta Ruɓe

Tun ranar Lahadi ake ruwa a Abuja, irin ruwan Agusta da ba ya zuwa da iska ko tsawa, sai dai ya yi ta zuba a hankali kamar ba shi da niyyar ɗaukewa. Ina zaune a ɗakina ina aiki, ga wuta, ga abinci a firji, ba abin da na rasa. Amma da na buɗe taga ɗazu na shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na ji yunwa ta taso mini, alhali ban daɗe da cin abinci ba. Haka take yi mini kowane Agusta tun shekarar da cittar Baba ta ruɓe. Shekarun ba su yi yawa ba idan aka ƙirga, amma ji nake kamar wata Saratu ce dabam ta rayu a lokacin, kuma wani lokaci ina kewarta.

Ƙauyenmu yana gefen Kagoma, in ka bar kwalta ka bi hanyar da babur kaɗai ke iya bi da damina. Mu biyu ne 'ya'yan gidan, ni da yayana Ishaya. Shi ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya nemi aiki har ya gaji, ya koma yin acaɓa a Kafanchan. Ni kuma na gama makarantar horon malamai ina koyarwa a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a can Kafanchan ɗin, albashin da ba ya kai ni tsakiyar wata. Wani abokin Yaya da suka yi bautar ƙasa tare shi ya fara ba shi labarin kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, ya ce akwai aiki a ciki, mutum yana zaune a ɗaki ya yi wa kamfanin wata ƙasa aiki. Yaya ya tara kuɗin acaɓa ya sayi wata tsohuwar laftof mai tsagaggen gefe, muka riƙa karɓa-karɓa da ita a ƙarshen mako. Ni da farko rakiya na yi masa. Ranar da na rubuta 'yan layuka na ga sunana ya fito a fuskar kwamfuta da launin da na zaɓa, daga ranar ban sake zama 'yar rakiya ba.

Ba a daɗe ba Yaya ya gano wata makaranta a Legas, irin waɗanda ake kira butkam. Ana biyan kuɗi mai nauyi, a koya maka kodin safe da yamma na 'yan watanni, sa'an nan a haɗa ka da masu ɗaukar aiki. Haka dai tallarsu ta ce. Da ya kawo wa Baba maganar, Baba bai tambayi mene ne kodin ba. Tambayarsa ɗaya ce.

"Abin nan, yana ciyar da mutum?"

"Yana ciyarwa, Baba. Har ya ciyar da gidansu."

"To in aka haƙa citta bana, ku biyu za ku tafi. Ba zan aika ɗaya in bar ɗaya ba."

Saboda wannan alkawari Baba ya yi abin da bai taɓa yi ba. Gonar da muke zuba masara da acca kowace shekara, ita ma ya mai da ta gonar citta. Mama ta yi magana, ta ce ba a cin citta da miya. Ya ce mata kuɗin citta zai sayi masarar shekara biyu. A lokacin kowa a yankinmu haka yake lissafi, domin bara citta ta yi kuɗi, har maƙwabcinmu ya sauya rufin gidansa.

Wanda bai taɓa noman citta ba bai san yawan hannun da take ci ba. Ruwan fari na sauka a Afrilu muka shiga. A farfasa iri ƙanana-ƙanana, kowane da idonsa, a bi a dasa a durƙushe har baya ya ƙage. Daga nan sai babban aikin, rufe gonar da ganye. Da asuba mata za su shiga daji su yanko ɗanyen ganye, a ɗauro dami a kai, raɓa na gangarowa ta wuya, a zo a shimfiɗa a kan kowace kunya don kada rana ta ƙona irin. An yi mana gayya a shekarar. Matan zumuntar coci suka zo da tukunyar kunu, matasan coci suka jeru da garemani suna waƙa da yarenmu, Baba yana bin su a baya yana gyara inda suka yi gaggawa. Na tuna shi a ranar, ya naɗe ƙafar wando, yana dariya har haƙoransa na gefe da suka fita suna nunawa. Ba mai yawan dariya ba ne.

Yuni ya wuce, Yuli ya shigo, gona ta yi kore shar. In ka tsaya a bakinta da yamma bayan ruwa, ƙamshin citta ne ke tasowa daga ƙasa. Har Yaya ya fara koya mini yadda ake tsallake titi a Legas.

Wajen ƙarshen Yuli ganyen ya fara yin rawaya daga ƙasan gonar, inda ruwa ke kwanciya. Baba ya ce taki ne bai isa ba. Bayan 'yan kwanaki rawayar ta hau har tsakiya, karan ya yi laushi yana kwanciya da kansa. Ina tsaye kusa da shi ranar da ya sa hannu ya tuge ɗaya. Ba ta yi gardama ba, ta fito kamar an zare ta daga kunu. Abin da ya kamata ya zama citta ya narke ya koma baƙin ruwa mai wari, irin warin da ke maƙalewa a hanci. Ya tuge wata, ya sake tuge wata. Ya goge hannunsa a ciyawa, ya ce in je in kira Ishaya.

Yaya ya hau babur ya je Kachia ya sayo maganin feshi, muka fesa, ruwa ya wanke, muka sake fesawa. Ba gonarmu kaɗai ba ce. Duk inda ka bi a yankin warin nan ne, kuma a coci ranar Lahadi mazan suna zaune shiru, ba mai kallon idon wani. Kafin tsakiyar Agusta kowa ya san babu cittar da za a haƙa, ga shi ba mu shuka masara ba sai ɗan abin da Mama ta zuba a bayan gida.

Mama ce ta tayar da maganar Legas, wata Lahadi bayan sujada muna zaune a zaure ruwa ya hana kowa fita. Tana da aladunta, uwa da 'ya'yanta, waɗanda ko Baba ba ya sa mata baki a kansu. Ta ce za ta kai su kasuwar aladu a Kafanchan, in Yaya ya sayar da babur aka haɗa, zai isa kuɗin mutum ɗaya.

Yaya ya ce a'a. "Mama, me za ku ci? Duk abin da za su koya mana a can yana nan kyauta a intanet. Mutane da yawa da kansu suka koya. A bar kuɗin a sayi hatsi."

"Hatsi zai ƙare," in ji Mama. "In ya ƙare kana nan kana acaɓa, ita tana nan tana jiran albashi. Tun yaushe kake koyon na kyautan?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni na san amsar, domin na ga darussan da ya fara ya bari a laftof ɗin, kowanne ya kai tsakiya ya tsaya. Can ya ɗago kai.

"Gaskiya ne. Ni na san kaina. In ba wanda zai tsare ni gobe ya ce ina aikin da na ba ka, ba na gamawa. Saratu ce mai zama a kan abu har ta ga ƙarshensa. In za a biya wa wanda ya fi iyawa ne, ita za a biya wa."

"To a biya mini," na ce. Ban yi kawaici ba. Ina son tafiyar nan har cikin raina.

Mama ta tambaye ni inda zan kwana a Legas. Kuɗin makaranta ne kawai za a iya haɗawa, ban da masauki. Yaya yana da abokin nan nasa a can mai ɗaki ɗaya da zai ba shi gefen katifa. Ni ba ni da kowa. Maganar ta ƙare a nan, ba don an ga wanda ya fi cancanta ba. Baba yana zaune duk tsawon lokacin yana kallon ruwan da ke zuba daga bakin kwano. Da muka yi shiru ya ce, "Na ce ku biyu." Bai ƙara ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Ranar da aka ɗaure aladun a bayan mota suna ihu, Mama ba ta tsaya kallo ba. Ni kuma na zaga bayan ɗakinsu da ya zama fanko na yi kukana na ƙoshi. Yaya ya tafi da laftof ɗin, don makarantar ta ce kowa ya zo da tasa. Ba a yi wata guda ba mai makarantarmu ta kira ni ta ce iyayen yara manoman citta ne, ba su biya ba, za ta rage malamai. Na kwaso kayana daga Kafanchan na dawo gida gaba ɗaya.

A ɗan ofishin cocinmu akwai wata tsohuwar kwamfuta ta tebur da ake buga tsarin sujada da ita, tana aiki da batirin sola. Baba dattijon ikilisiya ne, makullin yana hannunsa. Ya je ya roƙi Fasto, Fasto ya yarda, da sharaɗin mai makulli ya kasance a wurin duk lokacin da aka buɗe. Haka Baba ya zama abokin karatuna ba tare da ya nema ba.

Kwanakin nan duk kamarsu ɗaya. Da asuba Mama ta tashe mu addu'a. Mu sha ruwan zafi da ganyen lemun tsami, ba sukari, mu tafi gona. Mun tuge ruɓaɓɓiyar cittar mun tara mun ƙona abin da zai ƙonu, muka dasa dankali da wake a wurin ko za a samu wani abu kafin ruwa ya ɗauke. Ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi, tana kama garma, ga ciki ba komai. Wajen tsakar rana sai in ga ƙasa tana yin nisa. Abinci na gaske sau ɗaya ne a yini, pate wanda yakuwa da gauta suka fi tsakin yawa, wata rana dafaffen gwaza da barkono. Mama kullum cewa take ta riga ta ci a wurin dahuwa. Mun san ba ta ci ba, ita ma ta san mun sani. Baba kan rage nasa ya tura mata kwanon ya ce gishiri ya yi yawa.

Bayan mun ci sai mu kama hanyar coci, shi a gaba da makulli, ni a baya, mun lulluɓa da buhun leda ɗaya idan ana yayyafi. In rana ta fito da safe, batirin zai riƙe ni har yamma. In hadari ya kwana biyu bai buɗe ba, ina cikin rubutu zai yi ƙara ya mutu. Ranar haka sai in koma allon makarantar Lahadi in ɗauki alli in rubuta abin da nake zaton zai yi aiki, in jira rana ta fito in gwada. Netwok kuma sai na hau falalen dutsen da ke bayan cocin na ɗaga waya sama, in sauko da darasi ɗaya ko biyu in data ta ƙyale.

Abin da ya fi yunwa wahala shi ne rashin wanda zan tambaya. Ba wanda zai ce mini fara da wannan, bar wancan. Na ɓata makonni ina koyon wani abu, daga baya na ji an daina amfani da shi. Akwai lokacin da wani jan rubutu mai nuna kuskure ya tsaya mini a fuskar kwamfuta fiye da mako, na karanta, na goge, na sake rubutawa, yana nan. Na hau dutse na kira Yaya.

"Muna aji, zan kira ki," ya ce da raɗa.

Da yamma ina kan dutsen ya kira, na karanta masa. Ya ce in jira, na ji yana magana da wani a gefensa da Turanci, suka yi dariya. Ya dawo ya ce harafi ɗaya na rubuta babba a inda ya kamata ya zama ƙarami. Abin da ya cinye mini mako, na kusa da shi ya gani kafin in sauke numfashi. Na yi godiya, na kashe wayar, na zauna a kan dutsen ina jin haushin da ban san wa zan ba.

Sai daga baya na gane shi ma ba daɗi yake ji ba. Yakan fita tun duhu don ya riga cunkoson motoci, ya yini da burodi da ruwan leda. Ya ce gudu ake yi a ajin, abin da ba ka gane ba yau gobe an ɗora wani a kansa, ba mai jiranka. Wasu da suka biya kuɗi kamarsa sun bari a tsakiya, kuɗinsu ya tafi. Malaminsu ɗaya ya iya sosai, ɗayan kuma, in ji Yaya, da kaɗan ya fi su. Kuma duk ranar da ya ji kamar ya gudu, sai ya tuna ihun aladun Mama ya koma ya zauna.

A ofishin coci akwai wani benci a bakin ƙofa, nan Baba yake zama. Da farko ba ya magana, yana kallon waje kawai, tun ruɓewar cittar ya zama haka. Wata rana abu ya cushe mini, na fara magana ni kaɗai da ƙarfi. Ya juyo.

"Da ni kike?"

"A'a Baba, abin nan ne ya ƙi."

"Gaya mini."

"Ba za ka gane ba."

"Na sani. Gaya mini dai."

Na fara yi masa bayani da yarenmu, inda yaren ya gaza in sa Hausa, inda Hausa ta gaza in sa Turanci. Na ce ga sunayen yara, ina so in an danna nan su jeru, in an danna can su ɓace. Yana gyaɗa kai yana cewa, "To, sai me?" Ina tsakiyar amsa masa na ga inda na yi kuskuren da kaina. Na yi tsalle na koma kan kujera. Ya ce, "Ni na gyara?" Na ce shi ne. Ya yi murmushi, karo na farko tun Yuli.

Daga ranar kullum sai na yi masa bayani. Bai taɓa gane komai a ciki ba, bai kuma taɓa yin kamar ya gane ba. In batir ya mutu kuma ruwa ya tsare mu, sai shi ya karɓi maganar. A wannan benci na ji abubuwan da ban taɓa ji ba duk zamana a gidansa. Kakanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan, lokacin da tashar ke cika da mutanen kudu da na arewa. Baba yana yaro yakan sayar da lemo ta tagogin jirgi, yana gudu a gefe har jirgin ya fi ƙarfinsa. Ya so ya zama direban jirgi. Har ya samu gurbi a makarantar koyon sana'a, Kaka ya rasu, aka dawo da shi gona ya riƙe ƙannensa. Ya faɗe shi ba da ɗaci ba, kamar labarin wani. Ya gaya mini yadda ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci ba don yana da murya ba, sai don Mama tana ciki, aka yi ta haƙuri da shi har ya aure ta ya bar musu waƙarsu. Na yi dariya har na ƙware. Ruwa na dukan kwano, cikinmu na kuka, muna zaune mu biyu a ɗakin da ke warin tsofaffin littattafan waƙa. In aka ce yau in zaɓi wuri ɗaya in koma, can zan koma.

A ƙarshen Satumba masarar bayan gida ta nuna. Ranar da Mama ta gasa ta farko ba wanda ya jira ta huce, muka ƙona baki muna ci a tsaye. Dankali ya biyo baya, yunwa ta sassauta. Amma da kaka ta yi, lokacin da ya kamata duwatsun garinmu su rufe da tsagaggiyar citta tana shan rana, mata na zaune da wuƙaƙe suna hira, manyan motoci na zuwa daga Kachia, sai ga duwatsun tsirara. Baba ya daina bi ta wajen. Ƙafafunsa suka fara kumbura, a asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa zuciya. Duk da haka bai bar raka ni ba, sai dai tafiyar da muke yi a ɗan lokaci ta koma sai mun tsaya ya huta a hanya.

Yaya bai zo Kirsimeti ba, suna aikin ƙarshe na makaranta. Bayan sabuwar shekara wani kamfani ya ɗauke shi gwaji, shi da 'yan kaɗan daga ajinsu. Na gaya masa jikin Baba, ya ce zai nemi izini ya taho. Baba ya karɓi wayar.

"Ka zauna ka kama aikinka da kyau. Ista ba nisa. In ka zo ka taho mini da burodin Legas in ji abin da ake yabo."

A cikin watannin nan na gama abu na farko da wani ya yi amfani da shi, shafin intanet na makarantar da ta sallame ni. Na kai wa Baba a waya yana kwance a tabarma a inuwar mangwaro. Ya riƙe ta nesa da ido, ya ga hoton yara da ginin makarantar.

"Wanda yake Legas zai iya ganin wannan?"

"Ko'ina mutum yake, Baba."

"To aika wa yayanki. Ki ce masa na gida ma ba su zauna ba."

Bai kai Ista ba. Yaya ya iso ana gobe jana'iza, da burodin a jakarsa, don ya ce ya kasa wuce mai sayarwar a tasha.

Ni aikina bai zo da wuri ba. Na fi shekara ina aika takardun neman aiki ba amsa, domin ba ni da shaidar wata makaranta, ba kuma wanda ya san ni. A ƙarshe wata da suka yi aji ɗaya da Yaya ce ta miƙa sunana a inda take aiki, aka kira ni intabiyu. Da suka ba ni matsala in warware, ban firgita ba, na saba zama da abin da ya ƙi ni kaɗai. Suka ɗauke ni. Don haka in matasan cocinmu suka tare ni suna tambaya ko su biya butkam ko su koya da kansu, ba na iya ba su amsa guda. Nakan ce makarantar kuɗi ta ba Yaya hanya a shimfiɗe da mutanen da za su ambaci sunansa, kuma ko ni ta ƙofarsu na shiga. Nakan ce kuma na ga waɗanda aka sayar da gona aka biya musu suka dawo hannu wofi. Sai in tambaye su me za a sayar a gidansu, su kuma in ba mai tsare su suna gama abu ko ba sa gamawa. Yawancinsu sun san amsar, kamar yadda Yaya ya san tasa.

Bana Mama ta ce za ta sake gwada citta, kaɗan, a gefen tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Muka ce mu aika kuɗi a ɗauki 'yan ƙwadago, ta ce ba kuɗinmu take nema ba. Haka muka haɗu a gida a Afrilu, ni daga Abuja, Yaya daga Legas. Hannunsa ya yi laushi, kafin rana ta take tafinsa ya yi bororo ya fashe. Muka zauna a bakin gona muna shan kunu, Mama na can ƙasa tana shimfiɗa ganye.

"Kin san kakanmu ya yi aikin jirgi?" ya ce. "Jiya Mama ta faɗa a cikin hira."

"Na sani. Baba ma lemo yake sayarwa a tasha."

Ya juyo ya dube ni. "Baba? Wa ya gaya miki?"

"Shi."

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. "Ni tsakanina da shi, an yi taki, an gyara babur, ina kwana, ina gajiya. Ban taɓa zama da shi haka ba." Ya ja numfashi. "Na ɗauka ni aka ba babban rabo, Saratu. Har kunyarki nake ji."

"An ba ka. Na so tafiyar nan, Yaya. Har yanzu in na tuna ranar ina jin zafi."

"To da za a koma, sai ki tafi in zauna?"

Na buɗe baki in ce e, na kasa. Shi ma bai matsa ba. Daga ƙasan gona Mama ta miƙe ta dafa ƙugu, ta nuna mana gabas inda hadari ya fara haɗuwa.

"Ku 'yan kwamfuta! Hira kuka zo yi? Rabin gonar a buɗe take!"

Yaya ya yage gefen tsohuwar rigarsa ya ɗaure tafin hannunsa, ya sunkuya na ɗora masa damin ganye a kai. Ya yi taku biyu ya tsaya, bai juyo ba.

"In mun tashi, ki fara mini labarin Baba daga lemon," ya ce. "Kada ki tsallake komai."